Sharhi a Kan Hanyar Yusufu Bala Usman ta Tantance Madogaran Tarihi, Tare da Misali Daga Ƙasar Kankiya da Kusada

1.0 GABATARWA

Duk ɗalibin da aka ɗora wa aikin rubuta tarihin garinsu, shawara ta farko da yakan samu ita ce ya tafi Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ya nemo abin da Turawan mulki suka rubuta. In ya taki sa'a ya samo rahoton wani Di'o da ya yi rangadi a gundumarsu shekaru ɗari da suka shige, sai ya komo da murna, ya kwafe shi ɗungurungum, ya ɗora masa hirar dattawa biyu ko uku don cika sharaɗi, ya miƙa. Ta haka ne maganar da baƙo ya tsinta a bakin tafinta cikin kwana biyu takan rikiɗa ta zama tarihin gari, har a wayi gari ana kafa hujja da ita wajen neman sarauta, ko jayayya a kan iyakar ƙasar dagatai biyu, ko gardamar wane gida ne ya fara sarar daji. Ke nan batun yadda ake karanta tsohuwar takarda ya wuce ajin jami'a, ya shafi zaman lafiyar mutanen da takardar ta ambata.

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan hanyar da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman (1945-2005) ya shimfiɗa ta tantance madogara ta asali, watau shaidar da ta fito daga zamanin da ake bincike a kansa. Za a dubi maƙalarsa a kan zuwan Heinrich Barth Katsina tsakanin 1851 da 1854, wadda ya gabatar a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, aka kuma sake buga ta cikin Beyond Fairy Tales a 2006, sa'an nan a dubi littafinsa The Transformation of Katsina, 1400-1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. Daga nan sai a gwada hanyar a wani ƙaramin yanki na tsakiyar ƙasar Katsina, watau Kafinsoli da maƙwabtanta na Kankiya da Kusada, don a ga inda ta yi rana da inda take bukatar ƙari.

2.0 ABIN DA BALA USMAN YA ZO DA SHI

A lokacin da aka fara koyar da tarihin Afirka a jami'o'i, cikin shekarun 1950 da 1960, babbar muhawarar masana ita ce ko labarin baka ya isa a dogara da shi. An yi ta tsara ƙa'idojin tace shi, musamman bayan fitowar littafin Jan Vansina a 1961. Ana tambayar wane ne mai ba da labari, daga wa ya ji, mene ne matsayinsa a gari, wace riba zai ci in an yarda da maganarsa. Wannan duka daidai ne. Abin da Bala Usman ya lura da shi shi ne cewa wannan tankaɗe da rairaya ba a yi wa rubuce-rubucen Turawa irinsa. Da zarar an ce Barth ya faɗa, ko Razdan wane ya rubuta, sai a ɗauka an kai ƙarshen magana, kamar dai tawada ita ce ke tsarkake labari.

Hujjarsa ita ce shaida duk shaida ce, ko ta fito daga bakin maroƙin fada, ko daga alƙalamin malami, ko daga littafin matafiyi. Kowace tana da mai ita, mai ita kuwa yana da inda ya tsaya, da abin da ya kawo shi, da irin tunanin da ya taso a cikinsa, da kalmomin da yake rarraba mutane da su. Saboda haka bai isa a tambayi ko abin da aka rubuta gaskiya ne ko ƙarya ba. Tilas a fara da tambayar yadda aka yi marubucin ya ga abin da ya gani, da dalilin da ya sa ya kira shi da sunan da ya kira shi.

Wannan batu na suna shi ne ƙashin bayan aikinsa. Marubutan Turawa tun daga ƙarni na 19 sun saba fassara jihadin 1804 da cewa yaƙi ne tsakanin ƙabilu biyu, Fulani da Haɓe, inda ɗaya ta rinjayi ɗaya. A cikin littafinsa na 1981 Bala Usman ya ƙi wannan rabo. Ya nuna cewa abin da ya auku a Katsina shi ne rushewar wani tsarin mulki, wanda ya kira tsarin sarauta, da kafuwar wani a gurbinsa, kuma mutanen da suka tsaya a kowane ɓangare ba harshe ko asali kaɗai ya jera su ba. Akwai sana'a, da wurin zama, da ilmi, da dangantaka da fada. Ya yi irin wannan suka ga M. G. Smith da wasunsa a wata maƙala dabam. Abin lura shi ne bai kai ga wannan matsayi ta hanyar watsi da rubutattun madogara ba, sai ta hanyar jera su kusa da juna: littattafan Larabci na shugabannin jihadi, da jerin sunayen sarakuna, da labaran da ya tattara a garuruwa, da rahotannin matafiya, da fayilolin Kaduna.

3.0 BARTH A KAN HANYAR KATSINA ZUWA KANO

Barth Bajamushe ne, amma gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar da ya shiga, a ƙarƙashin jagorancin James Richardson, tare da Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a 1850, da niyyar buɗe hanyar ciniki da ƙulla yarjejeniya da sarakuna da kuma neman hanyar kashe cinikin bayi. A watan Janairu na 1851 suka rabu a Damargu, Barth ya biyo ayarin gishiri ya iso Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje, wanda ya yi sarauta daga 1844 zuwa 1869. Zamansa na farko bai fi 'yan kwanaki ba, kuma mafi yawansu sun tafi ne a ja-in-ja da fada a kan kyautar da zai bayar kafin a sallame shi. Ya isa Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851. Ya sake komowa Katsina a farkon Fabrairu na 1853, ya zauna har wajen ƙarshen Maris kafin ya nufi Sakkwato.

Daga wannan zama ne aka samo hoton Katsina da ya mamaye littattafai: birni mai ganuwa ta kimanin mil 13, wanda a ƙiyasin Barth ya taɓa ɗaukar mutum dubu ɗari, amma ya same shi da mutum 7,000 zuwa 8,000 kawai, ciniki ya ƙaura zuwa Kano. Marubuta da yawa sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa ƙasar Katsina gaba ɗaya ta durƙushe bayan jihadi. Tambayoyin da hanyar Bala Usman ta tilasta a yi su ne: yaya baƙon da bai yi ƙidaya ba ya san adadin mutanen birni? Adadin dubu ɗari na da can, ido ne ya gan shi ko lissafi ne da aka ciro daga faɗin ganuwa? Su wa Barth ya fi zama da su, in ba fatake Larabawa da mutanen fada ba? Kuma in birni ya ragu, shin mutanen mutuwa suka yi, ko kuwa sun bazu ne cikin garuruwan karkara?

A nan ne yankin Kusada ya shigo. Barth ya bi ta Kusada a kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya ambace ta a matsayin gari mai girma, ya kuma yaba albarkar ƙasar da ya ratsa, da itatuwanta da dabbobinta. Har ma ya sanya lardin Katsina cikin mafi kyawun ƙasashen da ya gani a tafiyarsa. Watau littafi guda ne ya ba da shaida biyu, ta birni mai kufai da ta karkara mai rai, amma ta farko ce aka yi ta maimaitawa domin ita ta dace da labarin da aka riga aka tsara na faɗuwar daula. Ga shi kuwa shaida ta biyun ma tana da iyakarta. A 1851 Barth ya ratsa yankin ne a tsakiyar rani, bayan an gama girbi, a kan hanya guda, cikin kwana uku ko huɗu. Abin da ke nesa da turbar fatake bai gan shi ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Rashin ambaton wani gari a littafinsa ba ya nuna cewa garin bai kafu ba a 1851, iyaka dai hanyarsa ba ta bi ta nan ba, ko kuwa wanda ya tambaya bai faɗa masa ba.

4.0 FAYILOLIN TURAWAN MULKI

Littafin Bala Usman ya tsaya a 1883, kundin digirinsa na 1974 kuwa ya kai 1903. Amma yawancin masu rubuta tarihin ƙananan garuruwa takardun da suke samu na bayan 1903 ne. Saboda haka ya kamata a ja hanyarsa zuwa wannan zamani.

4.1 Inda Takardun Suke

An kafa ofishin adana takardun gwamnati na Nijeriya a Ibadan a 1954 bisa ƙoƙarin Dokta Kenneth Dike, daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. Mai neman labarin Kankiya ko Kusada a Kaduna wajibi ne ya san cewa ƙasar Katsina ba kullum take lardi mai zaman kansa ba. Bayan da Lugard ya shiga Katsina a 1903 an sa ta cikin Lardin Kano, a 1926 aka mai da ita Lardin Zariya, sai a 1934 aka yi Lardin Katsina. Don haka wanda ya tsaya ga rukunin KATPROF kaɗai ya bar baya da ƙura, sai ya haɗa da KANOPROF da ZARPROF, da kuma rukunin SNP na Sakatariyar Lardunan Arewa, inda rahotannin larduna suke taruwa. Wani ɓangare na abin da aka aika Ingila kuwa yana cikin rukunin CO 446 a ma'adanar gwamnatin Ingila da ke Kew. Akwai kuma Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Har ila yau, rubutun suna yakan ɓatar da mai bincike, domin Turawan farko Katsena suke rubutawa, kuma gari ɗaya yakan fito da rubutu iri biyu ko uku, kamar Kankia da Kankiya, ko Kafinsoli da Kafin Soli.

4.2 Dalilin Rubuta Su

Takardar da ɗalibai suka fi so ita ce rahoton kimanta haraji na gunduma, domin takan zo da babi-babi: tarihi, da ƙabilu, da yawan jama'a, da dabbobi, da amfanin gona, da sana'o'i, da kasuwanni. Sai dai sunanta ya riga ya faɗi aikinta. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta nemi a haɗe tsofaffin kuɗaɗen da ake biya, irin su kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin rafi da kuɗin karofi, su zama haraji guda, ban da jangali. Jami'in da ya fito rangadi ya zo ne don ya san nawa za a iya karɓa, talakan da ake ƙirgawa kuwa ya san haka sarai. Mai gida yana da dalilin rage yawan samarin gidansa, makiyayi yana da dalilin kora shanunsa zuwa wata ƙasa kafin malamin jangali ya iso, matan kulle kuwa ba a ganinsu balle a ƙirga, sai abin da aka faɗa. Dagaci ma yana tsaka mai wuya, domin in adadi ya yi yawa nauyin tarawa a kansa yake. Ke nan lambar da aka rubuta a fayil sakamakon ciniki ce tsakanin mai nema da mai ɓoyewa. In aka ga yawan mutanen wata gunduma ya yi tsalle tsakanin rahoto biyu, abin da ya fi kusa shi ne hanyar ƙirga ce ta sake, ko iyakar gundumar, kafin a kai ga zancen haihuwa ko ƙaura.

4.3 Bakin da Labari Ya Bi

Babin tarihi na irin wannan rahoto labarin baka ne da aka sa wa rigar takarda. Jami'in yakan sauka a masaukin da hakimi ya tanada, ya tara dattawan da hakimi ya zaɓo, ya yi tambaya ta bakin tafinta ko masinja in Hausarsa ba ta nuna ba. A Katsina wannan yana da nauyi na musamman. Turawa sun tuɓe Sarki Abubakar a 1904, suka naɗa Yero, suka tuɓe shi a 1906, sa'an nan suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa. H. R. Palmer, wanda yake jami'in mulki a Katsina a lokacin, yana da hannu dumu-dumu a wannan canji. Duk labarin asalin gari ko na gidan sarauta da aka bayar a shekarun da suka biyo baya, an ba da shi ne a gaban sabuwar fada da sababbin masu iko, a lokacin da kowane mai riƙe da gari yake neman tabbatar da kujerarsa. Wannan bai mai da labarin ƙarya ba, amma ya wajabta a tambayi wanda aka bari a waje lokacin da ake ba da shi.

Daɗin daɗawa, Palmer ɗin nan shi ne ya buga jerin sarakunan Katsina da wasu takardun Larabci cikin Sudanese Memoirs a 1928, kuma an san shi da son danganta asalin mutanen ƙasar nan da Gabas ta hanyar kamanta sunaye. Abin da ya tattara yana da amfani ƙwarai, fassarar da ya ɗora masa kuwa sai an yi hattara.

Akwai wata matsala da ta fi wannan ɓuya. Abin da aka rubuta a rahoton gunduma yakan shiga littafin bayanin lardi, irin wanda W. F. Gowers ya tsara na Lardin Kano a 1921, daga nan ya shiga littattafai irin na Hogben da Kirk-Greene na 1966, daga nan ya shiga littafin makaranta. Dattijon da ya yi elementare ya karanta shi, ya riƙe. Bayan shekaru ɗalibi ya zo hira, dattijo ya mayar masa da abin da ya karanta, ɗalibi ya rubuta cewa labarin baka ya gaskata fayil. Alhali shaida ɗaya ce ta zaga ta komo.

4.4 Gunduma da Iyakarta

Kafin zuwan Turawa ƙasar mai sarauta ba lalle ta zama a dunƙule wuri guda ba. Garuruwan da ke bin wani basarake sukan warwatsu, jakadu ne ke zirga-zirga tsakaninsu da shi. Turawa ne suka dage a kan dunƙulalliyar gunduma mai iyaka a taswira, da hakimi zaune a hedkwatarta, kuma sun yi ta yanka da ɗinki a shekarun farko. Bayan su aka zo da jihohi a 1967, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da kafa Jihar Katsina a 1987. Saboda haka Kankiya ta cikin fayil da Ƙaramar Hukumar Kankiya ta yau suna ne ɗaya a kan ƙasa biyu. Wanda ya kwatanta alƙaluman wannan da na waccan ba tare da ya jera sunayen ƙauyukan da kowace ta ƙunsa ba, ya auna dawa da mudun wani ya sayar da na wani.

4.5 Abin da Fayil Bai Faɗa ba

Ruwan sama ya yi ƙaranci a daminar 1913, aka yi yunwa mai tsanani a 1914, wadda ake tunawa da ita da sunan Kakalaba. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta arewacin Katsina ya kuma buga Silent Violence a 1983, ya nuna yadda neman haraji da tsabar kuɗi a ƙayyadadden lokaci ya rage wa manomi ƙarfin jure fari. Jami'in da ake auna ƙwazonsa da cikar haraji ba shi ne zai tsawaita bayani a kan waɗanda suka mutu ko suka yi gudun yunwa ba. Irin wannan labari sai a sunayen da mutane suka laƙaba wa shekaru, da waƙoƙin niƙa da daka, da kufan da aka bari. In fayil ya yi shiru a kan abin da dattawa suka kasa mantawa, shirun nan kansa abin nazari ne.

5.0 MISALI BIYU DAGA YANKIN

Misali na farko shi ne sunan Kafinsoli. Kafi a Hausa shinge ne na itatuwa da ake kewaye gari da shi don tsaro, kuma garuruwa masu ɗauke da wannan kalma suna da yawa, kamar Kafin Dangi a nan ƙasar Kankiya, da Kafin Hausa da Kafin Maiyaƙi a tsohuwar Jihar Kano. An kuma san cewa a ƙarni na 19 Katsinawan da suka kafa Maraɗi sun yi ta kawo hari cikin ƙasar Katsina, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Yana da sauƙi mai bincike ya haɗa biyun ya yanke cewa hare-haren nan ne suka haifi garin. Zato ne mai ma'ana, amma suna ba ya ba da shekara. Kafin zato ya zama hujja sai an jera sunayen waɗanda suka riƙi garin da tsawon zamanin kowanne, an nemi gurbin tsohon kafin a ƙasa, an ji ta bakin gidajen malamai da maƙera da masaƙa dabam da gidan sarauta, sa'an nan a duba abin da fayil ya ce, a ga inda suka haɗu da inda suka saɓa.

Misali na biyu shi ne Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895. Bayan da Yusufawa a ƙarƙashin Aliyu Babba suka ci birnin Kano a 1894, Sarki Tukur, wanda Sarkin Musulmi Abdurrahman yake goyon baya, ya fito ya fake a ƙasar Katsina, ya zauna a Kamri, kuma a Tafashiya aka yi karon ƙarshe a 1895. Madogaran wannan yaƙi suna da yawa: wasiƙun da suka gudana tsakanin sarakuna da Wazirin Sakkwato Buhari, da rubuce-rubucen malaman Kano, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da binciken Adamu Fika na 1978. Amma dukkansu daga Kano ko Sakkwato suke hangen al'amarin, domin tambayarsu ita ce wa zai hau gadon Dabo. Tambayar mai tarihin wannan yanki dabam take: wa ya ciyar da rundunar da ta sauka, ina mutanen ƙauyuka suka gudu, waɗanne baƙi ne suka zauna ba su koma ba? Wasiƙar waziri madogara ce ta asali ga siyasar daula, amma ga rumbun manomin Tafashiya ba ta da abin cewa.

6.0 INDA HANYAR TAKE BUKATAR ƘARI

Duk da ƙarfin wannan hanya, akwai wurare huɗu da ya kamata a yi tsokaci.

Na farko, maƙalar Barth ta fi ƙarfi wajen nuna aibin shaida a kan nuna yadda za a ceci abin da ke da amfani a cikinta. Sakamakon haka wasu masu karatu sun fahimce ta a karkace, suka ɗauka izini ce ta yin jifa da duk abin da Bature ya rubuta. Wannan kuskure ne daidai da na farko, kuma shi Bala Usman bai yi haka ba, domin ya yi amfani da Barth a littafinsa. Ya kamata a bambanta abin da matafiyi ya gani da idonsa, kamar ganuwa da kasuwa da farashin kaya, da abin da aka faɗa masa, da kuma abin da ya ƙiyasta. Na farkon yana da daraja da babu mai maye gurbinta, domin babu wani da ya rubuta kwanan wata da sunan zango a kan wannan hanya a 1851 kamar yadda ya yi.

Na biyu, ma'aunin da aka auna baƙo da shi wajibi ne a auna ɗan gida da shi, ba sani ba sabo. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda aka kammala a 1812, rubutun jagoran ɓangaren da ya yi nasara ne. Labaran da Issaka Dankoussou ya tattara aka buga a Yamai a 1970 muryar zuriyar waɗanda aka fitar daga birni ce. Kowanne yana da abin da yake karewa. Ƙa'idar Bala Usman ta yarda da haka, amma a aikace masu bin sawunsa sun fi zafi a kan takardar Turanci, suna sassauta wa ta Larabci da ta bakin dattijo saboda girmamawa.

Na uku, hankalin masu bincike ya tattara a kan Kaduna har an manta da takardun da ke cikin gari. Akwai littattafan shari'a na kotunan alƙalai, da lissafin Baitulmali, wanda a Katsina aka fara kafa shi a Arewa, da rasiɗan haraji da jangali da aka daina bayarwa bayan da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, da takardun rabon gado, da wasiƙun ajami, da 'yan rubuce-rubucen da malamai kan yi a gefen littafi na ranar haihuwa ko rasuwa ko husufi. Waɗannan suna cikin adaka da gafaka a gidaje, gara da ruwan damina suna cinsu, kuma da wuya a sami mai kwafi na biyu. Na'urar ɗaukar hoto da ke cikin wayar hannu ta sauƙaƙa ceton su, in masu su sun yarda, aka kuma rubuta sunan gida da ranar ɗauka.

Na huɗu, an rubuta waɗannan ayyuka ne da Ingilishi mai nauyi, alhali malamin makarantar da zai rubuta tarihin Kusada ko Rimaye ko Yashe, da dattijon da za a yi hira da shi, da Hausa suke tunani. Muddin ƙa'idojin tantance shaida ba su zauna da gindinsu cikin Hausa ba, da kalmominsu da misalansu, za su ci gaba da zama kayan ɗakin taro.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa gudummawar Yusufu Bala Usman ita ce daidaita ma'auni tsakanin shaidar baka da ta takarda, da kuma jawo hankali ga kalmomin da marubuci yake rarraba mutane da su. An gwada wannan a kan Barth, da fayilolin haraji, da sunan Kafinsoli, da yaƙin Tafashiya, aka tarar kowace madogara tana amsa tambayar da aka yi ta dominta ne, ba lalle tambayar mai bincike ba. Abin da ya rage ga malamai masu duba kundayen ɗalibai shi ne su riƙa neman amsar abu biyar a kan kowace takarda da aka kafa hujja da ita: wanda ya rubuta ta, da shekarar da ya rubuta, da wanda ya rubuta wa, da bakin da ya ji labarin, da kuma wata shaida mai zaman kanta da ta gaskata ta ko ta saɓa mata. Kundin da ya amsa waɗannan, ko da a kan unguwa ɗaya ya tsaya, ya fi amfani ga mai rubuta tarihin ƙasar Katsina na gaba a kan wanda ya kwashe gunduma sukutum daga rahoton Di'o guda.